Soyayyar Masu Furfura: Fim Ɗin da Ba Ma Son Kallo

A simestar da ta wuce, wani dare da aka ɗauke wuta a hostel, mu huɗu muka taru a kan katifa ɗaya muna neman abin da za mu kalla a wayar da ta fi sauran caji. Kowa da zaɓinta. Wata ta ce a ci gaba da shirin nan mai dogon zango da muka tsaya a tsakiyarsa, wata ta ce ita fim ɗin Koriya take so. Ni kuwa na ce, "Don Allah mu kalli Baghban." Sai mai gadon sama ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke dai kin cika son tsufa da wuri. Wa zai ƙona cajinsa a kan tsofaffi suna soyayya? Ai wannan rashin ta ido ne." Aka kwashe da dariya, har da ni. Zaɓinta muka kalla.

Amma har na yi barci maganar tana yi mini yawo a ka. Me ya sa soyayyar ɗan shekara 25 take zama abin sha'awa, ta ɗan shekara 70 kuma ta zama rashin ta ido? Ku duba fina-finan da ke cikin wayoyinmu, na Hausa ne, na Indiya ne ko na Koriya. Saurayi ya ga budurwa, iyaye su ƙi, a sha kuka, a yi waƙa, wani mugun mai kuɗi ya shiga tsakani, daga ƙarshe a ɗaura aure, shi ke nan sai rubutu ya fara hawa. Wato fim yana ƙarewa ne daidai inda zaman yake farawa. Shekara arba'in ko hamsin da za su biyo baya, da ciwon gwiwa, da hawan jini, da ranar da ɗaya zai kasa tashi ya kai kansa banɗaki, duk babu su a lissafi. Ni a ganina wannan giɓin yana cutar da mu. Kuma 'yan fina-finan da suka yi ƙarfin halin nuna soyayyar tsofaffi sun fi koya mana ma'anar aure a kan duk waƙoƙin da muka haddace.

Bari in fara da wanda aka yi mini dariya a kansa. Baghban fim ne na Indiya da ya fito a 2003, Ravi Chopra ne ya ba da umarni, Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito a matsayin Raj da Pooja. Ma'anar sunan shi ne mai kula da lambu. Sun yi shekara 40 da aure, sun ƙarar da duk abin da suke da shi a kan 'ya'yansu maza huɗu. Da Raj ya yi ritaya daga aikin banki, ya zaci lokacin shan inuwar bishiyoyin da ya dasa ya yi. Sai 'ya'yan suka yi shawara a tsakaninsu cewa babu mai iya ɗaukar su duka biyun, don haka uba ya tafi gidan wannan, uwa ta tafi gidan wancan, bayan wata shida a yi musanya. Ba a bar su da yunwa ba, ba a kuma jefa su kan titi ba. Raba su kawai aka yi. Sauran fim ɗin kuwa wasiƙu ne da kiran waya tsakanin mutum biyu da aka ɗauka kamar kaya ne da za a iya ajiye kowane a ɗaki daban. Ɗan riƙonsu, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, shi ne ya gane cewa abin da suke buƙata shi ne juna.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibu. Ya cika zuzuta muguntar 'ya'yan, ya kuma ɗora wa matan 'ya'yan kaso mai yawa na laifin, kamar yadda aka saba. Amma jigon labarin tsoho ne, kuma ba na Indiya kaɗai ba. Tun 1937 aka yi wani fim a Amurka mai suna Make Way for Tomorrow, na Leo McCarey, inda banki ya ƙwace gidan wasu tsofaffi, 'ya'yansu suka raba su, fim ɗin ya ƙare suna sallama a tashar jirgin ƙasa, kowa ya san da wuya su sake haɗuwa. A 1953 kuma Yasujiro Ozu na Japan ya yi Tokyo Story: tsoho da tsohuwa sun taso daga garinsu sun zo birnin Tokyo ganin 'ya'yansu, amma kowa aiki ya sha masa kai, sai matar ɗansu da ya rasu ce ta ba su lokacinta. Ƙasashe uku, zamani uku, ciwo ɗaya. Kuma a cikin waɗannan biyun na baya 'ya'yan ba wasu azzalumai ba ne. Mutane ne irinmu, masu haya da kuɗin makaranta da ƙarancin ɗaki.

Na san abin da wani zai ce: "Ai wannan can ne. Mu nan ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi." Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma bari in ba ku labarin gidanmu.

Shekara biyu da suka wuce, da damina, kakata ta wajen uba ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ita ce wadda tun ina ƙarama ba ta kirana da sunana sai "kishiya", in na shiga ɗakinta ta ce in fita kar in ƙwace mata miji. Da aka sallamo ta daga asibiti, su Baffa da babanmu da Gwaggo suka zauna a zaure suka yanke shawara: za a kawo ta birni gidanmu, inda ake samun masu gashin ƙashi kusa, shi kuma Malam, kakan namu, ya zauna a ƙauye saboda gona, a bar masa jika ɗaya da za ta riƙa yi masa girki. Shawara ce ta hankali, babu wanda zai ce ba a kyauta ba. Sai dai babu wanda ya tambayi Malam, babu kuma wanda ya tambayi Inna. Ba don raini ba. Kawai bai zo wa kowa a rai ba cewa akwai abin tambaya.

Sati uku Inna ta yi a gidanmu, kullum sai an yi fama kafin ta sha kunu cokali biyar. Bakinta ya karkace, maganarta ba ta fita sosai, sai ta yi ta faɗar abu muna "na'am? me kika ce?" har ta gaji ta juya fuska bango. Ran nan da la'asar sai ga Malam ya sauka daga mota, da butarsa da rediyonsa da ƙullin goro. Ya ce ya zo duba jiki ne, jibi zai koma. Yau shekara biyu ke nan jibin ba ta yi ba.

Ya shimfiɗa tabarmarsa a gefen gadonta. Ya ɗanɗana kunun ya ce mana, "Tsamiyar ta yi yawa, ita ba ta son haka." Shekara nawa muna cin abincin matar nan, babu wanda ya sani. Da safe zai fasa goro biyu, ya goga rabin a magogi ya sa mata a baki, ya ci rabin. In ta yi magana shi ne tafinta: "Cewa take a ɗaga mata filo." "Cewa take wannan kishiyar tata ta rage surutu." Ba ya kiran sunanta, ita ma ba ta taɓa kiran nasa ba, sai "Malam". Ban taɓa jin ya ce mata yana sonta ba, kuma na tabbata in aka ce ya faɗa zai bar ɗakin ne don kunya.

Mu kuma me muka yi? Dariya. Muka riƙa cewa tsoho ya kasa haƙuri. Gwaggo har cewa ta yi abin da kunya, namiji babba ya tare a ɗakin mace a gidan ɗansa, surukai suna shige da fice. Ni ma na yi dariyar, irin wadda na yi a hostel. Sai da na sake kallon Baghban a hutun bara na ji kunya ta kama ni, don na ga zauren gidanmu a ciki. Ba mu yi mugunta ba, amma mun yi abin da 'ya'yan Raj suka yi: mun lissafa abinci da magani da ɗaki, muka manta cewa waɗannan mutane biyu ne da suka fi shekara hamsin suna kwana da tashi tare. Da a ce mun taso muna ganin irin wannan soyayyar a allo kamar yadda muke ganin ta samari, da wataƙila wani a zauren nan ya ce, "To, shi Malam fa?"

Fim ɗin da ya fi nuna wannan ɓangaren ba tare da kwaskwarima ba shi ne Amour, na Michael Haneke, wanda aka yi da harshen Faransanci a 2012. Sunan ma kansa "soyayya" yake nufi. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a shekarar, sannan ya ci Oscar ta fim ɗin da ba na Turanci ba a 2013. Jean-Louis Trintignant da Emmanuelle Riva ne suka fito a matsayin Georges da Anne, tsofaffin malaman kiɗa da suka haura shekara 80 a birnin Paris. Riva tana da shekara 85 lokacin da aka sa ta cikin masu takarar Oscar saboda wannan fim. Anne ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama, ta sa mijinta ya yi mata alƙawarin ba zai mayar da ita asibiti ba. Kusan duk fim ɗin a cikin gidansu aka yi shi. Babu rawa, babu fure. Akwai tsoho mai ɗingishi yana ɗaga matarsa daga keke, yana ba ta abinci a baki, yana koyon yadda ake canza mata ƙunzugu. Akwai ma inda ta furzar da ruwan da yake ba ta, haƙurinsa ya ƙare ya mare ta, sannan ya tsaya yana kallon abin da hannunsa ya aikata. 'Yarsu takan zo, ta yi kuka, ta ba da shawara, ta tafi.

Dole in faɗi inda muka rabu da wannan fim. A ƙarshe Georges ya danne fuskar Anne da filo har ta cika. Ban yarda da wannan ba, addinina bai yarda ba, kuma ba zan kira shi soyayya ba ko da me aka lulluɓe shi. Rai ba namu ba ne. Amma ko a nan akwai darasi, don abin da na gani shi ne tsohon da ya ɗauki jinya shi kaɗai, ya rufe ƙofa, har nauyin ya fi ƙarfin hankalinsa. Mai jinya ma yana buƙatar mai kula da shi. Malam ɗinmu yana iya zama gefen Inna da fara'a ne saboda akwai mu da muke wanki da ɗaga ta da kai ta asibiti. A nan kam zaman gandu irin namu ya fi nasu, in dai mun san amfaninsa.

Akwai kuma Away from Her, na ƙasar Kanada, wanda Sarah Polley ta yi a 2006. Grant da Fiona sun yi shekara 44 da aure, sai cutar mantuwa ta kama Fiona, irin wadda mu muke yi wa kuɗin goro da sunan gigin tsufa. Aka kai ta gidan kula da masu irin ciwon, inda doka ta hana ziyara a kwana 30 na farko. Da Grant ya dawo, ta manta shi, har ta shaƙu da wani majinyacin. Duk da haka kullum sai ya je, ya zauna daga nesa yana kallonta. Tambayar da fim ɗin ya bar ni da ita tana da nauyi: in wanda kake so ya daina gane ka, me ya rage? Wannan tambaya ce da ya kamata duk mai rubuta wa wata "ba zan iya rayuwa babu ke ba" a WhatsApp ya zauna da ita ko na minti biyar ne.

Kar kuma a ɗauka duk labarin tsufa kuka ne. A 2014 an fitar da wani fim na gaskiya a Koriya ta Kudu, My Love, Don't Cross That River, wanda Jin Mo-young ya ɗauka. Ba 'yan wasa ba ne, mata da miji ne na gaske a wani ƙauye, shi yana da shekara 98, ita 89, sun yi shekara 76 tare. Suna sa kaya iri ɗaya, suna jifan juna da busasshen ganye da ƙanƙara kamar yara, in za ta banɗaki da daddare shi ke tsaya mata a waje saboda tana tsoron duhu. Sama da mutum miliyan 4 ne suka sayi tikiti suka kalle shi a ƙasar. Ga wanda yake cewa babu mai kallon tsofaffi, to ga amsa.

Yanzu mu dawo gida. A fina-finanmu na Kannywood, ina tsofaffi suke? Suna nan, amma aikinsu uku ne. Ko dai Alhaji ne a falo yana cewa "na riga na yanke hukunci", ko Hajiya ce mai hana ɗanta auren 'yar talaka, ko kuma tsohon da ya ga yarinya sa'ar jikarsa ya rikice, a yi ta yi masa dariya. Marigayiya Saratu Gidado, wato Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, ta yi suna ne da fitowa a matsayin uwa ko suruka mai zafi, kuma ta iya ƙwarai. Sau da yawa nakan yi tunanin da an ba mace mai irin basirarta labarin da ita ce tauraruwa, matar da ta shekara talatin da biyar da mijinta, ko bazawarar da ta haura hamsin kuma wani dattijo ya zo neman aurenta 'ya'yanta suka tayar da ƙura. Irin wannan yana faruwa a unguwanninmu. Har suna muke da shi na auren da mace takan zauna a gidanta miji ya riƙa zuwa: auren ɗauki-sandanka. Labaran suna nan birjik, ba a dai ɗauka ne.

Za a ce kunya ce ta hana. Ni ma Bahaushiya ce, na san darajar kunya, kuma ba cewa nake a nuna tsofaffi suna rungume-rungume ba. Ai soyayyar tsofaffinmu ita ce ma ta fi dacewa da fim mai kunya, don ba ta buƙatar ko riƙe hannu. Rabin goro ne. Ajiye wa mutum ruwan alwala mai ɗumi ne da sanyin asuba. Tsohuwa ce da ba za ta ci abinci ba sai ta ji tarin mijinta a zaure. Duk wannan babu abin da hukumar tace fina-finai za ta yanke. Kuma mu da muka taso muna jin yadda Annabi (SAW) ya ci gaba da ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, har yana aika wa ƙawayenta nama in an yi yanka, bai kamata a ce mu ne muke ganin soyayyar da ta daɗe abin kunya ba.

Za a kuma ce kasuwa ce, matasa ne masu kallo, su kuma kansu suke son gani. To ai mu ne matasan. Mu ne muke danna wa shiri kallo a YouTube, mu ne muke tura wa juna fim. In muka ci gaba da cewa "wa zai ƙona cajinsa", furodusa ba zai zuba kuɗinsa ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Abin da ya sa na damu shi ne lokaci ya zo kanmu. Mu da muke ND II, nan da 'yan watanni za mu miƙa furojek mu watse. Wasunmu an riga an kawo lefe. Mun san kalar ankon da za a yi, mun san wurin dina, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar kanmu ko za mu iya wanke wa wannan mutumin jiki in ya kwanta shekara uku? Sannan nan da shekara goma ko sha biyar, mu ne za mu zauna a zaure muna yanke shawara a kan iyayenmu: wa zai ɗauki Baba, wa zai ɗauki Mama. Ina fata ranar wani a cikinmu zai tuna ya tambaye su.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko ga ƙungiyar ɗalibai: ranar 1 ga Oktoba, wadda muka sani da ranar 'yancin kai, ita ce kuma ranar tsofaffi ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 1990. Me zai hana a makon a haska ɗaya daga cikin waɗannan fina-finan a ɗakin taro, a zauna a tattauna bayan an gama? Baghban ma ya isa a fara da shi, tunda mun saba da Amitabh. Na biyu ga 'yan uwana na sashen koyon aikin jarida, masu yawo da kyamara suna neman abin da za su ɗauka na furojek: ku je gida. Ku nemi izinin kakanninku, ku zauna da su, ku tambaye su yadda aka yi aurensu, da shekarar da ta fi musu wuya, da abin da ya hana su rabuwa. Za su yi ta nuƙu-nuƙu da farko, za su ce ku tashi ku ba su wuri. Ku yi haƙuri ku zauna.

Ni na gwada a hutun da ya wuce. Na ce, "Malam, wai me ya sa ka ƙi komawa ƙauye?" Ya yi kamar bai ji ba, yana ta murɗa rediyonsa. Sai Inna ta yi wata magana daga kan gado, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya yi murmushi ya ce, "Cewa take ki fita, kin cika sa ido a kan mijin mutane."